Zan sayar da gidana: in sa a duba shi tukuna, ko in bar mai saye da idonsa?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar gini da cinikin gidaje. Ina da gida a Sheka, cikin Kano, na gina shi a 2009, ɗaki huɗu da falo, rufin kwano, da rijiya a tsakar gida. Tun da aka mayar da ni aiki Dutse na zuba 'yan haya, yau shekara shida. Yanzu so nake in sayar in ƙarasa ginin da na fara a can.

Ƙanena ya ce kafin in damƙa wa dillalai in ɗauko injiniya ya bi gidan lungu-lungu, ya rubuta min duk abin da ya gani. Dillalin da na fara yi wa magana kuma ya ce kada in soma, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, ai mai saye da idonsa zai zo. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata tsaga a bangon ɗakin baya da na lura da ita tun bara, ban sani ba ko a filasta ta tsaya ko ta ci bulo. Wanda ya taɓa sa a duba masa gida kafin ya sayar, don Allah ya gaya min ko ya ga amfanin kuɗin da ya kashe.

Maman_Haidar:
Wa alaikumus salam. Ka bi maganar ƙaninka. Mu da muka sayi namu a Rijiyar Zaki an shafe shi da sabon fenti fes, damina ɗaya ta tona komai, silin ɗaki biyu ya zubo. Wallahi da mutumin ya faɗa mana gaskiya za mu saya a haka, a rage mana wani abu mu gyara. Yanzu shekara uku ke nan shi da maigidana ba sa ga-maciji, kuma masallacin Juma'arsu ɗaya.

Alh_Dillali:
Alhaji, shekarata goma sha takwas a wannan sana'a, bari in faɗa maka yadda kasuwa take. Gidan da ya haura shekara goma sha biyar kowa ya san ba sabo ba ne, kuma a kan haka ake taya shi. In ka kawo injiniya, dole ya nuna maka ya yi aikin kuɗinsa, zai cika maka shafi biyar har da makullin ƙofar da ke cijewa. Mai saye yana ganin takarda mai tsawo haka gabansa zai faɗi, ko ya gudu ko ya yanke maka farashi. Sannan duk mai sayen da ya san abin da yake yi ai da magininsa yake zuwa. Wani ma filin yake so, rushewa zai yi ya ɗora bene. To wa ka yi wa wahalar?

Injiniya_KN:
Baban Walida, kafin a shiga gardama bari in taimaka maka a kan tsagar nan, don ita ce ta dame ka. Tsaga iri-iri ce. Akwai siririya kamar gashi wadda ke yawo a fuskar filasta, wannan yawanci bushewar siminti ce da zafin rana, ba abin tayar da hankali ba ne. Wadda muke tsoro ita ce wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko ka ga bakinta ya fi faɗi a sama ko a ƙasa. In ka leƙa bayan bangon ka same ta a daidai wurin, to ta ratsa. Ka lura kuma ko ƙofar ɗakin ta fara ƙin rufuwa. Waɗannan alamu ne na cewa ƙasan harsashin ginin yana zama.

Ga abin da za ka iya yi yau ba tare da ka biya kowa ba: ka ja layi da fensir a inda tsagar ta ƙare, ka rubuta kwanan wata, ka kuma ɗan shafa siminti a kanta wuri biyu. In bayan wasu makonni ta wuce layin ko ta fasa shafin, tana raye, tana ci gaba.

Alhaji Dillali, ina girmama shekarunka a kasuwa, amma injiniyan kirki ba ya haɗa makulli da harsashi a layi ɗaya. Rahoto mai kyau yana ware abin da ke da haɗari, da abin da zai lalace nan gaba in an bar shi, da abin da kwalliya ce kawai.

Sani_Kurna:
Ina bayan Alhaji Dillali. A wannan tsadar siminti wa ke da kuɗin biyan injiniya, sannan ya dawo ya biya gyara? Mutum fa matsuwa ce ta sa shi zai sayar.

Almajirin_Zaure:
Assalamu alaikum. Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba. Na fahimci hikimar da ke bayan “kada ka tono” ita ce: abin da ban sani ba, ba a kama ni da laifin ɓoye shi ba. To a fiƙihunmu na Malikiyya maganar ba ta tsaya nan ba. Aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wanda mai saye bai gani ba kuma ba a gaya masa ba, yana ba shi haƙƙi ko da mai sayarwa bai san da shi ba. Rashin sani yana ɗauke maka zunubin yaudara, amma bai share haƙƙin wanda ya ba ka kuɗinsa ba.

Malamanmu ma sun yi magana a kan gida musamman. A cikin Muhtasar, Shaihu Halil ya kawo cewa aibi kaɗan a gida ba a mayar da gidan saboda shi, sai dai mai saye ya karɓi ƙimar aibin, kuma misalin da ya bayar shi ne tsagar bango da ba a tsoron gidan zai faɗi saboda ita. In kuwa aibin babba ne, kamar ruwan rijiyar gidan ya zama zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi, to mai saye yana da ikon mayarwa. Ka ga tsaga da rijiya, abubuwa biyun da ka ambata a gidanka, tun ƙarnoni da suka wuce aka zauna a kansu.

Sannan Baban Walida ai ya riga ya ga tsagar da idonsa, ba zai ce bai sani ba. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu da ke cikin Buhari da Muslim ya ce in masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar.

Baban_Walida:
Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan magana ta shige ni. Injiniya, na kira ɗan hayar da ke ɗakin, ya ce tsagar daga gefen taga ta sauko a karkace, kuma ana ganin ta ta waje. Jikina ya yi sanyi.

Injiniya_KN:
Kada hankalinka ya tashi tukuna, Alhaji. Sau da yawa sanadin ƙaramin abu ne, kamar ruwan indararo da ke zuba a gindin bango, ko bututun banɗaki da ya fashe a ƙasa. Amma yanzu kam sai an je an gani da ido. Mene ne a bayan bangon?

Baban_Walida:
Banɗakin 'yan haya ne, sokawe kuma tana kusa da wurin.

Hajiya_Yakasai:
Ni labarin gidan gado zan ba ku. Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, mu goma sha ɗaya ne magada, muka yarda a sayar da gidan a raba. Tun kafin a kai ga dillali rigima ta fara. Waɗanda ke zaune a ciki suna cewa gidan ya ruɓe, a yi masa kuɗi kaɗan su saya. Waɗanda ke nesa suna cewa ƙarya ne, so ake a danne su. Wata huɗu muna wannan, har ƙannena biyu suka daina gaisawa.

Kawunmu ne ya ce a kawo mutum biyu da ba su da dangantaka da kowa a cikinmu, injiniya ɗaya da mai ƙiyasta kuɗin gida ɗaya, a cire ladansu daga cikin gadon. Aka tara mu duka ranar da za su duba. Injiniyan ya hau ya buɗe silin a gabanmu, ya sa yayanmu ya hau tsani ya taɓa katakon da hannunsa, gara ta cinye shi ya zama kamar soso. Amma bangon da ake ta cewa zai faɗi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Kowane ɓangare ya samu rabin gaskiyarsa, bakin kowa ya mutu. Ban ce takardar ta ƙara wa gidan kuɗi ba, amma ta hana mu zuwa kotu, kuma yau ƙannen nan nawa suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Dan_Gwammaja:
Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Irin wannan ta faru a danginmu, mu kam sai da aka je gaban alƙali.

Birkila_Tanko:
Ku yi haƙuri, ni akwai abin da ke ci min rai. Duk magana injiniya, injiniya. Shekarata talatin ina riƙe da cokalin gini. In na ƙwanƙwasa filasta da bayan guduma na ji amonta, na san ko ta saki bango. In na kankari bulo da ƙusa na ga yana zuba kamar gari, na san an yi ƙwauron siminti wajen buga shi. Wani yaron ya gama makaranta jiya, bai taɓa haƙa harsashi ba, shi za a biya kuɗi mai yawa, ni a ba ni na mota. Gida ƙasa-ƙasa irin na Baban Walida tsohon magini ya ishe shi.

Injiniya_KN:
Baba Tanko, gaskiyarka, kuma ni kaina ba na zuwa duba gida sai da birkila da kafinta, don akwai abin da hannunku ya sani wanda ba a koyar da shi a aji. Inda nake roƙon a bambanta shi ne wuri biyu. Na farko bene, ko duk gidan da aka zuba masa dakin, wato rufin kankare. Rodi in ya yi tsatsa a cikin kankare kumbura yake, ya tsage kankaren daga ciki, kuma sai an yi lissafin nauyi kafin a ce zai ɗauki wani hawa ko ba zai ɗauka ba. Na biyu takarda. Mai saye baƙo bai san Baba Tanko ba, amma in ya ga hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, zai iya bincikar lambar, kuma ya san akwai wanda za a kama in an yi ƙarya.

Birkila_Tanko:
To in da bene ne na yarda. Amma a riƙa tunawa da mu wajen sallama.

Auwal_Glasgow:
Bari in ba ku yadda ake yi a inda nake zaune. A Sikotilan tun Disambar 2008 doka ta ɗora wa mai sayarwa, ba mai saye ba, ya tanadi rahoton gida kafin ya sa shi a kasuwa. Ƙwararre ne ke zuwa ya duba, ya ba kowane sashe na gidan lamba 1 ko 2 ko 3. Lamba 1 ba ya bukatar gyara yanzu, 2 zai bukata nan gaba, 3 gyaran gaggawa. Ya kuma faɗi ƙimar gidan. Duk mai sha'awa zai nemi rahoton ya karanta tun kafin ya taya. A Ingila kuwa, maƙwabciyarmu, yawanci mai saye ne ke biyan nasa binciken bayan an yi ciniki na baki, shi ya sa sau da yawa ake kaiwa tsakiya a watse ko a dawo ana sabon ciniki.

Abin da na lura da shi, Alhaji Dillali, mutane ba sa gudun gida don sun ga lamba 2 a takarda. Kowa ya san tsohon gida sai da ita. Abin da ke korar mutum shi ne ya gano abu da kansa bayan an ce masa babu.

Sani_Kurna:
Malam Auwal, can ai doka ce ta tilasta wa kowa, shi ya sa ba wanda ya cutu. Nan in kai kaɗai ka fito da takardar aibin gidanka, maƙwabcinka ya shafa fenti ya yi shiru, shi zai riga ka sayarwa.

Maman_Haidar:
Zai riga shi sayarwa, Malam Sani, amma ka koma ka karanta abin da na rubuta a sama. Wanda ya sayar mana ya riga kowa sayarwa, yau ko ɗaurin auren 'yarsa ba mu je ba.

Lauya_Zaria_Road:
Kowa yana maganar bango da rufi, ni kuma abin da na fi ganin yana kashe ciniki a ofishina takardu ne. Baban Walida, yadda za ka sa a duba ginin, haka za ka zauna ka duba takardunka kafin mai saye ya duba maka su.

Wace shaida ke hannunka? Takardar mallaka ta gwamnati ce, ko takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu? Duka ana ciniki da su, amma darajarsu ba ɗaya ba ce, kuma mai sayen da zai nemi bashin banki ta farkon zai nema. In ta gwamnati ce, sunan wa ke kai? Da yawa sun sayi fili shekara ashirin ba su taɓa juya sunan ba, wanda ya sayar musu ma ya rasu, sai an bi magadansa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, mai takardar mallaka ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. Ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Kano, ka nemi a bincika fayil ɗinka, ka ga ko akwai harajin ƙasa da ya taru, ko wani abu da aka rubuta a kan filin ba ka sani ba. Na Kaduna su je KADGIS, na Abuja AGIS. In kana da takardar izinin gini ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka haɗa da ita.

Kuma duk aibin da kuka bayyana wa mai saye, a rubuta shi a cikin yarjejeniyar, ya sa hannu a kan ya gani ya yarda. Wannan layi ɗaya ya fi shaidu goma in magana ta tashi daga baya.

Dan_Gwammaja:
Ƙari a kan maganar Lauya: bashin wuta da na ruwa. Gidan haya ne fa, shekara shida. Yayana ya sayar da nasa, ranar da za a biya cikon kuɗi mai sayen ya zo da takardar kamfanin wuta, ashe 'yan haya sun tara bashi mai nauyi a kan mitar. A nan take aka zabtare daga kuɗinsa, 'yan hayan kuma sun riga sun tashi. Da ya duba da wuri da ya karɓa a hannunsu.

Alh_Dillali:
Na karanta duka. Maganar takardu da bashin wuta ba ni da ja, ni ma nakan ce a duba. Maganar Malam kuma ta addini ce, na karɓa hannu biyu. Ni dai ban taɓa cewa a yi ƙarya ba. Abin da nake gaya wa mai saye kullum shi ne: gida tsoho ne, yadda ka gan shi haka yake, ka duba da kyau. In ya ce ya gani ya yarda, ai na fita.

Almajirin_Zaure:
Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Sai dai malamai sun ce wanda ya san aibi wajibi ne ya fayyace shi ko ya nuna shi, bai isa ya dunƙule shi cikin magana ɗaya ba. “Yadda ka gan shi haka yake” tana wadatarwa ga abin da ido ke gani a fili. Amma in na san katakon rufi gara ta ci, silin kuma ya rufe shi, sai na ce masa ga wuri kaza, hau ka gani. Ka tuna da mai sayar da abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Dillali ma in ya sani ya yi shiru yana da kasonsa a ciki, ba la'ada kaɗai ba.

Zainab_Hotoro:
Tambaya Malam, to fenti fa? Mu ma muna shirin sayar da namu, na ce a yi masa fenti ya yi kyan gani. Shi ma algus ne?

Almajirin_Zaure:
Malama Zainab, share gida da yi masa fenti don ya fito da kyansa ba laifi ba ne. Inda matsala take shi ne a shafa don a rufe tabon yoyo ko tsaga, ba a gyara sanadin ba, ba a kuma faɗa ba. Ki tambayi zuciyarki: in mai saye ya ce me ke ƙarƙashin fentin nan, zan iya amsa masa ba tare da na sunkuyar da kai ba?

Injiniya_KN:
Kuma Hajiya Zainab, in bangon yana fitar da farin gishirin nan daga ƙasa yana ɓarar da filasta, fenti ba zai riƙe ba, danshi ne ke hawowa daga harsashi. Wata uku ya kumbura. Masu saye ma sun waye, da sun ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, sun san abin da ake rufewa.

Bukar_Gwange:
Daga Maiduguri nake. Tun ambaliyar dam ɗin Alau a Satumbar 2024, tambayar farko da mai saye ke yi a unguwarmu ita ce ruwa ya kai ina a gidan nan. Namu ya kwana da kwanaki cikin ruwa. Da muka zo sayarwa duk wanda ya zo sai ya taya kamar fili yake saye, wai ginin ya gama mutuwa. Mu kanmu ba mu san gaskiyar ba, to da wane baki za mu musa? Sai da muka kawo injiniya ya tona gefen harsashi wuri uku, ya duba bangon, ya ce katangar waje ce kawai ta tafi, sai wayarin da dole a sake saboda laka ta shiga bututun. Muka sake katangar, muka faɗi maganar wayarin a fili. Daga ranar muka samu ƙarfin tsayawa a kan farashinmu. Ba kullum dubawa ke fito da mugun labari ba, wani lokaci ita ke wanke gidanka daga zargi.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan gidajen ƙasa sun fi yawa a tsofaffin unguwanni, kuma dattawa ba su sayen gida sai sun gan shi cikin damina, watan Agusta in sama ta zuba. Nan ake gane indararo, a gane azara mai lafiya da wadda ta gaji, a gane inda ruwan layi ke kwanciya. Mai sayarwa ma in yana da wayo sai ya zaga gidansa a wannan lokaci kafin baƙo ya zaga masa.

Sani_Kurna:
Har yanzu ba wanda ya amsa min maganar kuɗi. Kuma wa ya ce injiniyan da mai gida ya biya ba zai rubuta abin da mai gida ke so ba? Ni in zan saya ba zan yarda da takardar da mai sayarwa ya miƙo min ba.

Lauya_Zaria_Road:
Kada ka yarda da ita ido rufe, Malam Sani, ka kawo naka. Amfanin ta mai sayarwa shi ne in naka ya zo ba zai gano abin da zai ba mai gida mamaki ba. Ciniki ya fi lalacewa ne a ranar da an riga an ba da kafin alƙalami, mai gida ya kashe rabinsa, sannan a zo da sabon labari.

Maman_Haidar:
Ni abin da nake so a duba wanda ba a cika kulawa ba, tazarar rijiya da sokawe. Yara ne ke shan ruwan nan.

Injiniya_KN:
Kin taɓo babba, Hajiya. Abin da aka fi ba da shawara shi ne kada tazarar ta gaza mita 15, in da hali ma ta kai 30. To fili ƙafa hamsin-hamsin kowane gefensa mita 15 ne da ɗan ɗoriya, ka ga rijiya da sokawe a gida ɗaya da wuya su cika wannan, balle ga sokawen maƙwabci a bayan katanga. Shi ya sa nake cewa a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji. Wani abin kuma da ya shafi Kano, gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara. Wannan ba fenti ba filasta da za su gyara shi, kuma tsofaffin unguwa sun san wuraren. Mai saye zai tambaye su ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.

Baban_Walida:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shirun kwana biyu, na shigo Kano ne a ƙarshen mako. Na samu injiniya ta hannun ƙanena, ya zo da birkila da mai wayarin, suka yi kusan awa huɗu. Ga abin da aka samu. Bututun da ke kai ruwan banɗaki zuwa sokawe ya karye a ƙasa, ya daɗe yana jiƙa gindin bangon, shi ya sa kusurwar ta ɗan zauna. Ya ce in an sake bututun aka tona aka ƙarfafa wurin, ɗakin zai tsaya. Katakon rufin kicin gara ta shiga, sauran rufin lafiya. Wani ɗan haya ya ja wa na'urar sanyaya ɗaki wuta da siririyar waya, har ta fara narkewa a cikin silin. Wannan ita ta fi girgiza ni, akwai ƙananan yara a gidan. A ranar na sa aka cire ta. Ruwan rijiya an ɗiba an kai gwaji, sakamako bai fito ba.

Bututun da wayar zan gyara ko ana sayarwa ko ba a sayarwa. Inda na tsaya shi ne kusurwar da rufin kicin. In gyara da kuɗina in sa farashi cikakke, ko in bar su in nuna wa mai saye in rage masa?

Birkila_Tanko:
Ka gyara kusurwar, Alhaji, amma ka ɗauki hoto tun daga tono har rufewa. Mai saye in ya ga sabuwar filasta a bango ba hoto, zarginsa zai fi na tsagar yawa.

Alh_Dillali:
Alhamdu lillahi da aka ga wayar nan, wannan kam ba maganar ciniki ba ce, maganar rai ce. A kan tambayarka kuwa, ka bar rufin kicin. Kusan duk wanda ya sayi gida irin wannan sai ya sake kicin da banɗaki yadda matarsa ke so, kuɗin da ka zuba ba zai dawo ba. Ka samu kafinta ya rubuta maka abin da aikin zai ci, ka riƙe a hannu. In mai saye ya ce a cire masa miliyan saboda gara, ka nuna masa lissafin.

Hajiya_Yakasai:
Amma gara ba ta jira, Alhaji. In gidan ya yi wata shida a kasuwa za ta haura zuwa sauran katakon. Ko ba za a sake rufin ba a cire wanda ta ci a sa magani.

Sani_Kurna:
Baban Walida, don Allah nawa injiniyan ya karɓa, kuma shi ya sallami birkilan da mai wayarin ko kai?

Baban_Walida:
Zan turo maka ta akwatin saƙo, Malam Sani, shi ya sallame su daga nasa. Lauya, takardata ta gwamnati ce amma har yanzu sunan wanda ya sayar min da filin ne a kai, yana nan da ransa a Gyaɗi-Gyaɗi. In fara juya sunan zuwa nawa, ko in bari a juya kai tsaye zuwa sunan wanda zai saya?

Lauya_Zaria_Road:
Tunda yana raye kada ka yi jinkiri, ka je ka same shi wannan makon. Ka fara nemo takardar cinikin da kuka yi da shi, ka duba ko shaidun da suka sa hannu suna nan. Wace shekara kuka yi cinikin filin?